Sarewar Kwano da Ƙafar Hagun Babana

Ni ba mutumin kiɗa ba ne, kuma duk wanda ya san ni a Dilimi wajen shekarar dubu biyu da biyar zai ba da shaida. Ɗan acaɓa ne ni a lokacin, ɗan goyin kamar yadda ake ce mana a Jos, kuma ko a cikin 'yan goyin ɗin ina sahun marasa haƙuri. Kafin fasinja ya gama gyara zama na riga na sa giya. A tsaye nake cin abinci, a guje nake gaisuwa. Inna takan ce tun ina ciki nake gaggawa, don ban bari watannina sun cika ba na faɗo duniya.

Babana direban babbar mota ne. Ya shafe shekaru yana lodin dankali da tumatir da kabeji daga Jos zuwa kudu. Amma kafin tuƙi a barikin masu haƙar kuza ya tashi, can wajen Bukur, inda kakana ya yi leburanci. Makarantar barikin tana da 'yan badujala, yara masu ganguna da sarewa da ke yi wa 'yan makaranta kiɗan maci, kuma Baba ne mai sarewarsu. Ba irin sarewar makiyaya ba ce ta kara. 'Yar siririya ce ta kwano, tsawonta kamar rular 'yan makaranta, da ƙofofi shida a jere, an cusa ɗan katako a bakinta. Ya bar makaranta, ya bar bariki, amma bai rabu da ita ba. A gaban motarsa take kwana, in mota ta lalace a daji ita ce abokiyar hirarsa.

Wata safiya a farkon damina ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi ta ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Da aka sallamo shi harshensa ya yi nauyi, yatsun hagu sun nannaɗe, ƙafar hagu kuma sai dai a ja ta. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ja ni gefe ta ce, "Ƙafar nan ba ta mutu ba. Amma in ya zauna a kanta za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Dole ya riƙa tattakawa kullum."

Baba kuwa ya ƙi. Ya sa aka ajiye masa kujera a tsakar gida, ya zauna ya juya wa ƙofa baya. Masallacin unguwarmu yana ƙarshen lungunmu, in ladan ya yi tari a lasifika muna ji. Tun kafin a haife ni, muddin Baba yana gari, a sahun farko yake salla, daga hannun daman liman. Yanzu sai ya ji kiran salla ya sunkuyar da kai, ya yi tasa a zaune. Wannan sunkuyar da kan ya fi komai ci mini rai.

Wata rana na ce, "Baba, ga mashin. Ka hau in kai ka, kafin a tada iƙama mun isa."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce da nauyin harshensa, "Buhun dankali ka mayar da ni? Da ƙafata na saba zuwa. In ba ta kai ni ba, na haƙura."

To ga ƙafa tana bukatar tafiya, ga mai ƙafa ya yi zuciya, ga kwanaki suna wucewa.

Da mai motar ya ba wani direba ita, sai aka aiko da kayan Baba a buhu: bargo, tocila, tsohuwar rigar sanyi, da sarewa. Baba ya sa hannu ya ɗauke ta, ya goge a hannun riga, ya kai baki. Ƙofofi ukun sama yatsun hagu ne ke toshe su, nasa kuma sun ƙi buɗuwa. Abin da ya fito wani ƙara ne mai tsinin gaske, har kajin Inna suka watse. Ya yi jifa da ita ta faɗa gindin durom ɗin ruwa. Na ɗauka don in adana, sai rashin zama lafiya irin nawa ya sa na hura ta da ƙarfi.

"Ba haka ba," in ji Baba. "Miya kake fifitawa? A hankali. Toshe duka shidan."

Tun da ya dawo daga asibiti wannan ne karon farko da ya kula da wani abu. Don haka na tsuguna a gabansa na toshe duka shidan.

Koyon yatsu bai ba ni wahala ba. Mai matsa birki da kuloci yini guda yatsunsa ba sa ƙiwa. Baba yana nuna mini da hannun dama, yana faɗa yana tsaki, har na iya fitar da muryoyin daga ƙasa zuwa sama, sannan ya koya mini wani gajeren kiɗan maci da suke yi a bariki. Na haddace shi da wuri, na fara ganin kaina gwani. Wata yamma ina busawa Inna tana tsince shinkafa, sai ta ajiye faifai ta ce, "Malam, dubi ƙafarka." Muka duba. Babban yatsan ƙafar hagun yana ɗagawa yana sauka, yana bin kiɗan, mai ƙafar ma bai sani ba.

Inna ba ta bari abin ya huce ba. Ta ɗauko sandar da aka sayo masa, wadda ya ƙi ko kallo, ta ce, "Tunda ita ta ji kiɗa, kai ma sai ka tashi ka bi ta. Daga nan zuwa durom kawai." Ya yi ta gunaguni, amma ya tashi.

Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin tunawa, sai dai yanzu in na tuna dariya nake. Ashe busar da nake yi irin tuƙina ce. Inda kiɗan yake da sauƙi sai in taka wuta, inda yatsu ke sarƙewa sai in ja birki. Numfashi kuwa duk inda ya ƙare mini nan nake tsayawa in sheƙa. In na kuskure murya sai in koma baya in gyara, kamar wanda ya wuce kwanar fasinja. Shi kuma Baba jikinsa ya saba bin kiɗa tun yana yaro, ba ya iya ƙin bi. Na yi sauri ya yi sauri, na tsaya ya tsaya da ƙafa a sama. Da muka kai wani wuri mai daɗin busawa na zuba a guje, ƙafafunsa suka harɗe, sai ga Baba zaune daɓas cikin bahon wankin Inna, kumfa har kafaɗa. Bai ji ciwo ba. Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

"Kai busa kake ko goyin?" Baba ya daka mini tsawa daga cikin baho. "Haka ake kiɗa, kamar ɗan sanda ya biyo ka?"

Daga ranar ya koma kujera, ya ce ba zai sake miƙewa ba sai na san lokaci. Ya kuma karɓe sarewar ya sa ƙarƙashin cinyarsa. Na ce to da me zan koya? Ya nuna ƙafafuna da sanda.

Haka na zama abin kallo a gidanmu. Ƙato da ni, da gemu ya fara fitowa, ina zagaya tsakar gida ina taka ƙasa ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, Baba yana buga sanda a siminti. In na riga sandar sai ta sauka a ƙaurina. Da tafiyar ta daidaita sai ya ce in haɗa da tafi. Da tafi ya zauna sai ya ce in faɗi kiɗan da baki, ta, ta, ta-ta, ta, ƙafa ba ta daina takawa ba. A nan na gane cewa akwai murya mai cin taku guda, akwai mai cin biyu, akwai kuma 'yan gajeru biyu da ke raba taku guda tsakaninsu. Da, duk ɗaya na ɗauke su, kowacce ina sallamarta da zarar na taɓa ta.

"Dogo ka ba shi haƙƙinsa," Baba yakan ce. "Kada ka yanke masa wutsiya don kana ɗokin na gaba."

Da ya mayar mini da sarewar, murya ɗaya tak ya yarda in busa. In toshe ƙofofi uku in bar yatsu a wurin, in yi kiɗan gaba ɗaya da harshe, tu, tu, tu-tu, tu. Ya ce wanda bai iya riƙe lokaci da murya ɗaya ba, in aka ba shi shida ɓarna shida zai yi. Ya kuma kafa mini doka a kan kuskure: in ka ɓata murya, ta tafi, kada ka koma nemanta. Ka ci gaba da takawa ka shiga a bugu na gaba, don masu maci ba za su ja da baya su jira ka ba.

Raina ya sha ɓaci. Sau da yawa na ji kamar in cilla sarewar bayan katanga in hau mashin in tafi. Abin da ke riƙe ni shi ne, duk lokacin da Baba ke yi mini faɗa, ba ya juya wa ƙofa baya, kuma maganarsa tana ƙara fita.

A wurin aiki na samo wa kaina mai buga sanda. Siginar mashin ɗina tana da ɗan ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, ba ta sauri ba ta jinkiri, ba ruwanta da halin da nake ciki. In muna jiran fasinja a bakin tashar Laranto sai in kunna ta, in zaro sarewa daga aljihun jaket, in bar ƙit ɗaya ya wuce in taka a na biyu. Abokan aiki suka samu abin yi. Wani ya ce, "Ga makiyayi, ina shanun?" Wani ya ce in bari Salla ta zo su zagaya da ni gidajen masu kuɗi. Sau biyu batir yana mutuwa sai an tura ni, masu turawa suna zagina suna dariya. Ban damu ba, don siginar ta nuna mini abin da kunnena ya ƙi yarda da shi. Kullum a wuri guda nake riga ta, wurin nan mai daɗi da ya jefa Baba a baho.

Da damina ta yi nisa Baba ya saurare ni daga farko har ƙarshe, bai ɗaga sanda ba. Ya ce, "To, ba laifi." A bakin Baba wannan babban yabo ne. Ya miƙe muka koma tafiya zuwa durom.

Sai dai tafiyar ta ƙi. Busata ta daidaita, ban riga ba ban makara ba, amma Baba yana tafe kamar mai taka ƙaya. Ya yi taku kaɗan ya rikice, ya tsaya yana haki. In na tambaye shi sai ya ce, "Kiɗan yana ture ni." Na rage sauri, ya ce yana ture shi. Na canja wurin tsayuwa, duk ɗaya. Shi kansa ya kasa faɗin abin da ke damunsa, don duk hankalinsa yana kan kada ya faɗi. Na fara ganin wannan sunkuyar da kan tana dawowa, tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina ko ƙafar ta riga ta sandare ne muna ta wahalar da tsoho a banza.

Ana cikin haka wata Asabar da hantsi muka ji sallama a zaure. Wani tsohon abokin Baba ne tun na makarantar bariki, shi ne mai buga musu babbar ganga. Kirista ne, a Bukur yake zaune, mu kuma tun muna yara Baba na Bukur muke ce masa. A shekarun nan, bayan rikicin addinin da aka yi a Jos, mutane sun fara lissafin unguwar da za su shiga da wadda za su kewaye, amma shi da ya ji labarin ciwon sai ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauki lema da ƙullin acca, ya shigo mota har Dilimi. Suka rungume juna, suka yi ta tsokana a kan wanda ya fi tsufa. Da aka gama gaisuwa Inna ta ba shi labarin sarewa, har da na baho.

"To ku yi in gani," in ji shi.

Baba ya miƙe. Na tsaya a gefensa kamar kullum, na ce, "Bismillah Baba, dama," na fara busa. Ba mu yi nisa ba Baba na Bukur ya ɗaga lema ya tsayar da mu. Hausarsa irin ta bariki ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana.

"Yarona, wane ƙafa kake ba bugu na fari?"

Na ce, "Dama mana, Baba. Ita ce mai lafiya. A asibiti ma da ita suka ce ya riƙa farawa."

Ya kwashe da dariya har yana buga lema a ƙasa. "Shi ya sa! Mutum ya yi maci tun bai fi wannan durom tsawo ba, kai kana ce masa ya fara da dama? Ganga a kan lef yake faɗi, wato hagu. Lef! Ko daga barci ka tashe shi, ɗaya na lef ne. Kai kana buga ɗaya, jikinsa yana neman lef, kai kuma ka tura masa rai, wato dama. Yaya ba zai harɗe ba?"

Baba ya dubi ƙafarsa, sannan ya ce a hankali, "Wallahi shi ne." Shekara da shekaru yana yin abin bai taɓa tunaninsa ba, shi ya sa ya kasa gaya mini.

Ni kuma da taurin kai na ce, "Amma hagun ba ta da sauri. Kafin ta sauka bugun ya wuce."

"To wa ya aike ka da sauri?" in ji Baba na Bukur. "Ƙafan da ba shi da lafiya, shi ne oga yanzu. Ka duba lokacin da yake ɗauka ya tashi ya sauka, wannan shi ne taku ɗaya. Dama ma ka ba shi daidai wannan, ko yana so ko ba ya so. Ba za ka ja ma wannan ka gajarta ma wancan ba."

Ya cire kwat, ya kifa bokitin Inna tsakanin gwiwoyinsa. Ya ce Baba ya ɗaga hagu ya ajiye, ya sake, ya sake, yana kallo yana gyaɗa kai. Sannan ya fara dukan bokitin da tafin hannu. Ban taɓa jin kiɗan maci mai nawa irin wannan ba. Tsakanin bugu da bugu sai ka ce mutum zai iya shan ruwa ya dawo. Na shiga da sarewa, nan take na gane busa a hankali ta fi busa da sauri wuya nesa ba kusa ba. Dogayen muryoyin suka ƙara tsawo, numfashina ya ƙare a tsakiya, na sheƙa, na makara.

"Kada ka ci lokacin na gaba," ya ce, hannunsa bai daina duka ba. "In za ka sha iska, ka sata daga ƙarshen dogon. Ka sake shi kaɗan da wuri, ka ja iska, ka dawo kan ɗaya."

Muka sake. Ya ƙirga huɗu, ya ɗaga murya kamar yana filin makaranta, "Lef!" Baba ya ɗaga ƙafar hagu. Ta tashi da ƙyar, ta yi ɗan lilo, ta sauka daidai kan bugun, tare da bokiti, tare da sarewa. Dama ta biyo. Hagu ta sake tashi. Na ga kafaɗun Baba sun miƙe, haɓarsa ta ɗago, ya daina kallon ƙasa. Ya kai durom, ya juya da kansa, ya dawo har kujera bai rikice ba, kuma bai zauna ba, ya sake juyawa. Inna tana bakin madafa tana share ido da bayan hannu. Ni dai ba damar kuka, don mai kuka ba ya busa.

"Ka gani?" Baba na Bukur ya ce da Baba. "Da ma kai ne kullum kake ɓata mana layi."

"Ƙarya kake," in ji Baba. "Gangarka ce ke barci."

Daga ranar kullum sai mun yi, da safe kafin in fita da kuma bayan la'asar. In ana ruwa mu yi a zaure, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi tana neman danne sarewar. Daga durom muka koma zagaya tsakar gida, daga nan har bakin ƙofar waje. Ban taɓa ƙara sauri da kaina ba, sai in Baba ya ce, "Ɗan matsa," sannan in matsa kaɗan. Wata rana ƙafar takan tashi da nauyi saboda sanyi, sai mu koma baya, kuma na koyi kada in nuna a fuska. Ba zan yi ƙarya in ce na daina gudu a titi ba, fasinjoji sun ci gaba da salati a bayana. Amma da zarar na sa sarewa a baki, wani mutum ne daban yake tsaye a wurin.

Bayan ruwa ya ɗauke, wata Laraba, na dawo cin abincin rana na tarar Baba ya yi wanka ya sa farar riga da hula. Ya ce, "Yau a masallaci zan yi la'asar."

Murna ta kama ni, na zura sarewa a aljihu. Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Ina za ka da ita?"

"Rakiya mana, Inna."

"Mutum zai tafi masallaci ana binsa da busa a lungu? So kake a shekara ana yi da mu a bakin famfo? Ajiye ta."

Na dubi Baba ina jiran ya goya mini baya, sai ya ce gaskiyarta. Bai taɓa yin taku goma ba tare da kiɗan ba, ga lungu ba siminti, duk duwatsu da kwata. Na ce, "To Baba, da me za ka bi?"

Ya ce, "Ba ka da ƙafa ne?"

Da ladan ya kira salla muka fito. Na tsaya a hagunsa, ban riƙe shi ba don ya hana. Na ƙirga huɗu a hankali, na buga silifas ɗina na hagu a ƙasa, tasa ta sauka tare da tawa. Kiɗan yana tafiya a cikin kaina, ina jin inda dogo yake da inda gajeru suke, ƙafata kawai ke fitar da shi. Ban taɓa sanin lungunmu yana da tsawo haka ba. Tela ya tsayar da keke ya leƙo. Mata a ƙofar gida suka yi ta sannu, Baba yana amsawa da kai don kada magana ta ɓata masa lissafi. Wani ɗan goyin ya biyo bayanmu yana danna hon, na ji zafin abin a raina, amma ko waiwaye ban yi ba, har ya gaji ya raɓa ta gefe. A wajen wata kwata sandar Baba ta zame, ya yi tangaɗi, bugu ɗaya ya wuce shi. Hannuna ya kai rabin hanya na janye. Na ci gaba da takawa a inda nake, ya tsaya ya daidaita, ya jira ɗaya ta zagayo ya shiga.

Muka isa ana gyara sahu. Ya zare takalmansa, dama da kanta, hagu da bakin sanda. Sai a lokacin na lura da dokin ƙofar. An ɗaga shi sosai saboda ruwan damina, ya kusa kai rabin ƙauri. Kuma da ƙafar dama ake shiga masallaci. Duk watannin nan hagu muka koya wa yin gaba. Ba mu taɓa koya mata ta tsaya ita kaɗai ta ɗauki nauyin mutum gaba ɗaya, har dama ta hau ta tsallake abu mai tsayi haka ba.

Ladan ya gane abin da ake ciki. Ya matso ya ce, "Malam, shigo da wadda ta sauƙaƙa. Lalura ce, ba komai." Mutum biyu suka miƙo hannu daga ciki.

Baba ya girgiza kai. Bai dubi kowa ba, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ƙirga. Dogo."

Na ƙirga, daidai yadda muka saba, ban ƙara ba ban rage ba. A kan ɗaya ya dasa hagu a gindin dokin ƙofa. A kan biyu dama ta bar ƙasa. Na ga gwiwar hagun tana rawa a ƙarƙashin riga, jijiyar wuyansa ta tashi, komai na jikina yana ce mini in yi sauri in kai huɗu a wuce wurin. Na riƙe uku har ta cika. A kan huɗu tafin ƙafarsa na dama ya sauka a kan tabarmar masallaci.

Ya jawo hagu ta biyo, ya karanta addu'ar shiga da harshensa mai nauyi. Sahun farko ya motsa, mutane suka matsa daga hannun daman liman, liman kuma ya tsaya bai yi kabbara ba sai da Baba ya isa wurin ya jingina sandarsa a bango.

Ni ina waje, hawaye sun hana ni ganin inda zan sa ƙafa. Na sunkuya na ɗauki takalmansa don in jera su a gefe. Na hagun duk ya cinye ta waje saboda ja a siminti, har ya kusa hujewa. Na ajiye su a inda zai same su da sauƙi in an idar, na shiga na tsaya a sahun baya.